Ganyen Kargo a Hanyar Rafi

Ƙotar fartanya ce ta fara sauka a kafaɗar Afra'u, tun kafin ta ji muryar mai ita. Tana durƙushe a hanyar rafi, a wani ƙauye da ke gefen Tarai, da curin yumɓu a hannunta. Ta kife a taɓo.

"Me kike ɗiba a nan?" in ji mutumin.

Afra'u 'yar Rano ce, sana'arta yin 'yan kunne da sarƙa. Takan sayo yumɓun roba mai launi a Kano, ta murza, ta danna masa ɗanyen ganye har jijiyoyin su fito raɗau, sannan ta gasa a obin da wuta kaɗan-kaɗan. Yatsunta ne jarinta, ba ta da wani. Ta zo ƙauyen ne gaida gwaggonta Jumai, ta ga ganyen kargo da ruwan safe ya kakkaɓo, shi ne ta tsuguna ɗaukar zanensa. Ba ta lura cewa a cikin sawun mutum ganyen yake kwance ba.

Baballe, mai fartanyar, shi ya lura. Kwana tara ke nan ƙafar matarsa Murja a kumbure kamar turmi, kuma wani mai magani ya gaya masa sawunta aka ɗiba aka yi mata sammu. Sai ya ɗauka sawun Murja ne Afra'u take ɗiba. Matar da ta kwana tara ba ta taka ƙasa ba, ina za ta bar sabon sawu? Babu wanda ya tsaya wannan tunanin. Kafin Afra'u ta miƙe, masu noma sun baro gonakinsu sun kewaye ta.

"Malam, wallahi ganye ne. Ɗan kunne nake yi," ta ce.

Wani ya zabga mata karan dawa a fuska, wani ya haure ta a haƙarƙari. Ba ta kare fuskar ba. Hannuwanta ta cusa a ƙarƙashin cikinta, ta dunƙule, ta bar musu bayanta. Abin takaici, cikin masu dukan har da waɗanda ba su ma ji laifin da aka ce ta yi ba.

Malam Dalhatu, dattijon unguwar, ya kutso da sandarsa. Mutumin kirki ne, kuma cetonta ya zo yi.

"Ku dakata. Yumɓu dai ba ya cin wuta. A hura wuta a jefa shi. In ƙasar Allah ce, ja za ta yi kamar tukunya, sai ku ba yarinyar nan haƙuri."

Afra'u ta ɗago, jini na bin haɓarta. "Baba, kada ku sa shi a wuta. Ba irin na tukunya ba ne, ƙonewa zai yi."

"Kun ji ko? Tsoro take ji," in ji Baballe.

Aka tara kara aka kunna. Curin ya kumbura, ya yi baƙi, ya kama ci da wuta, hayaƙi mai warin roba ya turnuƙe. Mutane suka ja da baya suna neman tsari. Malam Dalhatu ya sunkuyar da kai.

Baballe ya tsuguna a gabanta, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Da wane hannu kika ɗiba?"

Mutum biyu suka zaro hannunta na dama daga ƙarƙashinta, suka danne shi a kan dutse. Sau uku ƙotar ta sauka. A na huɗun ne Gwaggo Jumai ta iso ba mayafi, ta faɗa a kan 'yar ƙaninta, ƙotar ta same ta a baya.

Sati shida hannun ya yi a ɗaure. Ita kuwa Murja, kwana biyu bayan dukan, sai ƙafarta ta fashe da kanta, tsohuwar ƙaya ta fito cikin mugunya. Ƙauye ya ce ƙona sammun ne ya yi aiki.

Ranar da aka kwance ɗaurin, Gwaggo Jumai ta zo Rano da ƙwaryar ƙwan zabi. Ta daɗe tana kame-kame kafin ta faɗi saƙon.

"Baballe ne ya bayar. Wai a gaya miki ya yafe miki."

Afra'u ta gutsuro ɗan yumɓu kore da hagu, ta ɗora tsakanin babban yatsa da manuniyar dama, ta yi ƙoƙarin matsewa. Yatsun suka ƙi haɗuwa. Yumɓun ya gangaro ya faɗa kan tabarma.