Cokalin Haladu a Kotun Taurari

Zazzaɓin ya kama ni bayan azahar, irin wanda ke sa mutum rawar ɗari rana tsaka. Na rufe akwatin agogunan da nake gyarawa, na kwanta a zaure, Delu matata ta lulluɓe ni da zanenta tana faɗa. Ta ce ba sauro ba ne, tunani ne. Wai mutumin da ya koya wa kansa Turanci da ƙamus don kawai ya karanta labaran taurari, dole wata rana kansa ya ɗau zafi.

Ban musa mata ba, don tunanin na nan.

Mu huɗu ne muke ciyayya a ƙofar gidana tun gashinmu na baƙi. Bayan magariba kowa kwanon gidansa ya fito, mu haɗa a tabarma ɗaya mu ci tare: ni, da Gambo mahauci, da Haladu tela, da Ɗantala mai kananzir. Wata shekara kwaɗayi ya ja Ɗantala ya gauraya kananzirinsa da fetur. Fitilar Haladu ta fashe a hannunsa, yatsunsa na dama suka manne. Aka ɗaure Ɗantala shekaru. Tun daga nan Haladu da cokali yake cin tuwo, mu kuwa da hannu. Kwanon gidan Ɗantala, mai murfi da jan fure, bai taɓa fashi ba. Tabawa matarsa takan aiko da shi kullum, mu kuma ba mu taɓa mayar mata ba, ba mu kuma taɓa maganarsa ba.

Da safiyar ranar nan aka saki Ɗantala. Haladu kuwa tun jiya ya faɗa mini a gaban Gambo: "Malam Ilu, kai ne babba, tabarmar ma taka ce. In ya zauna, na tashi."

Al'adarmu, in an gama cin abinci nakan karanta musu ƙagaggun labaran kimiyya, ina fassarawa suna sukar marubucin. Wanda muke ciki labarin wata duniya ne can bayan taurari, inda alƙali na'ura ce. Dokarta ɗaya: in mutum ya yi laifi, sai a raba ɗaurinsa tsakaninsa da duk wanda ya taɓa cin abinci kwano ɗaya da shi. Gambo ya ce zalunci ne tsagwaronsa, shi da ke cin abinci da rabin kasuwa ai a kurkuku zai tsufa. Haladu ya ce marubucin bai taɓa ƙonewa ba. Delu, wadda kullum take rantsuwa ba ta saurare, ta ɗago murya daga bayan ƙofa ta ce, "To masu dafawar fa? Ko a can ma an manta da su?"

Ina juya maganganun nan idona ya yi nauyi. Katangar zaure ta fara numfashi kamar cikin saniya.

"Tashi, Malam. An kira shari'arku."

Butarmu ce ta wanke hannu, tsohuwar mai lotsattsen gefe. Muryarta irin ta tsohuwa mai mura. Na ce mata ba ni da lafiya. Ta ce, "Shekara da shekaru ina zuba maka ruwa ban taɓa cewa na gaji ba. Riƙe gefen tabarma."

Tabarmar ta ɗaga. Garinmu ya koma ƙasa kamar cikin agogon da aka buɗe, tituna na juyawa a hankali, kowace unguwa na tura ta kusa da ita. Sama ta yi duhu alhali rana ba ta faɗi ba. Da muka matsa sai na gane taurarin: ƙananan kusoshin agogo ne, duk waɗanda suka taɓa suɓuce mini suka ɓace a ƙasar shago. Na miƙa hannu in ɗauki ɗaya, buta ta watsa mini ruwa.

"Ba kwasar kaya muka zo ba."

Muka iske wata wayar lantarki an ɗaure ta daga tauraro zuwa tauraro, tsuntsaye sun jeru a kanta ba iyaka. Buta ta ce waɗannan su ne duk waɗanda suka karanta littafin nan a faɗin duniya, kowa ya zo da ra'ayinsa. Hayaniyarsu kamar ta 'yan kasuwar kaji.

Hankaka ya ce, "An yi wa mai laifi sauƙi! A bar shi ya sha abinsa shi kaɗai."

Kurciya ta ce, "Ni dai na yi kuka a ƙarshen."

Wata balbela mai tabarau ta ce na'ura ba ta karɓar cin hanci, don haka ta fi mutum. Wani aku ya ce na'ura ba ta da uwa, don haka ba ta san tausayi ba, ya maimaita har sai da aka cake shi. Can ƙarshen wayar akwai wata 'yar tsuntsuwa ita kaɗai. Na tambaye ta nata ra'ayin. Ta ce, "Ɗana yana ciki. Ni ba labari nake karantawa ba."

Na so in tsaya, amma tabarmar ta zame ta sauke mu a kotu.

Alƙalin keken ɗinki ne, irin na Haladu sak, har da tsagewar nan ta gefen tebur, sai dai ya kai girman rumbu. Ba kowa a kansa, shi yake taka kansa. Ana kawo ɗaurin mutum a naɗe kamar baƙin yadi, almakashi ya sauko ya yayyanka, allura ta bi mutane tana ɗinka wa kowa ƙyallensa a kafaɗa. Wani ya sami kamar tafin hannu, wani kamar farce. Wanda aka ɗinka wa sai ya ɗan sunkuya, kamar an aza masa tulu.

A tsakiyarsu na hango Gambo, rigarsa duk faci har ba a ganin asalin launinta.

"Malam Ilu! Ka ga abin da na ce ko? Wannan na wani Bagobiri ne, sau ɗaya tak na ba shi tsire ya ɗanɗana!"

Dariya ta kama ni, keken ya tsaya cak.

"Mai karatu," in ji shi, muryar tana fitowa ƙat-ƙat-ƙat, "ina yadinka?"

Na durƙusa. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ɗaurin Ɗantala na kawo a raba mana."

"Ya sa shi har ya tsufa a jikinsa. Rigar da aka gama sawa, me zan yanka a ciki? Je ka gani."

Gidan yarin ba shi da katanga. Fili ne fari fat kamar gishiri, ƙofofi tsaitsaye birjik ba ɗakuna a bayansu, kuma duk a buɗe suke. A bakin kowace ƙofa mutum na tsaye. Na bi su ina dubawa har na kai ga Ɗantala. Ya rame, furfura ta cinye masa gemu. Ya ɗaga ƙafa ɗaya zai fito, ta tsaya a sama.

"Yaya," ya ce, "sun buɗe tun safe."

"To ka fito mana."

"Ina zan sa ƙafar?"

Na duba. Gaban ƙofarsa babu ƙasa, sarari ne kawai shuɗi mai zurfi. Can nesa tabarmarmu tana lilo a iska, muna zaune a kanta gwiwa da gwiwa, har da ni, ina ganin ƙeyata. Sai dai akwai wani ɗan gurbi tsakanina da Gambo, kwano mai jan fure na zaune a ciki. Murfinsa ya ɗaga, tururi ya fito da ƙamshin miyar kuka, ya yi magana da muryar mace wadda ba ta saba magana a gaban maza ba.

"Ni na riƙe masa wurin. Kullum ina zuwa a cike ina komawa ba komai, na ce to, ba su kore mu ba tukuna. Amma na gaji, Malam. Ni kwano ne, ban iya hira ba."

Zuciyata ta karye. Na buɗe baki zan ce wa Ɗantala ya taka, tabarmar za ta zo ta tare shi. Sai na ji ƙara.

Ƙwar. Ƙwar. Ƙwar.

Duk bugu ɗaya sai taurari su girgiza. Buta ta ja ni ta gefen riga muka zaga bayan filin. A can akwai wata ƙofa ita kaɗai, ba kamar sauran ba: a rufe take, ba ta da makulli, ba ta ma da inda za a sa makulli. Na leƙa ta tsagarta. Haladu ne a zaune, ga mu kewaye da shi muna ta loma da hannu muna dariya, amma kamar a bayan gilashi muke. Yana yankar tuwo da cokali, cokalin na bugun kwano.

Cokalin ya juyo ya dube ni. Na ga fuskata a cikinsa a kife.

"Ni fa?" in ji shi. "Wancan an sa masa rana, ranar ta zo. Ni wa ya sa mini rana? Kullum ni kaɗai nake ƙara a tabarmar nan. Kowa na ji, kowa na yi kamar bai ji ba."

"Ai don kada ya ji kunya ne," na ce.

"Na sani. Shi ma ya sani."

Na ja da baya daga tsagar. Ga ɗaya tsaye da ƙafa a sama, ga ɗaya zaune a bayan ƙofar da ba wanda ya gina, kuma dukansu na sha fura da su tun ba mu da gemu. In na buɗe wa wannan na ƙara rufe wancan. Na waiwaya wajen buta ko za ta taimake ni. Ta ce ita wanke hannu ta sani, ba yanke hukunci ba.

Ƙat-ƙat-ƙat. Keken ɗinkin ya taho yana tafiya bisa gishirin, zare na jan ƙasa a bayansa, tsuntsayen nan duk sun sauka a kansa.

"Mai karatu, ka kawo mini wanda ya gama. Ga wanda bai gama ba. Da wa ya ci abinci?"

"Da mu. Amma, Allah ya gafarta Malam, hannu ba yadi ba ne."

"Ban ce hannu ba."

"Ciwo ma ba ya rabuwa. Na daɗe ina wannan tunanin."

"Ka cika tunani. Saurara."

Na saurara. Ƙwar. Shiru. Ƙwar.

"Me ka ji?"

"Cokali."

"Shi da wa yake ƙara?"

Allurar ta sauko a hankali, doguwa, tana sheƙi, ta nufo bakina. Na ji sanyin ƙarfe a leɓena, na zabura.

"Buɗe bakin mana, Malam, sai ka zubar!"

Delu ce durƙushe a kaina da cokalin magani. Gumi ya jiƙa zanen sharkaf, rana ta yi ja a bakin zaure, buta na jingine a kusurwa ba ta ce komai ba. Na haɗiye maganin na riƙe hannun Delu.

"Cokula nawa gare mu a gidan nan?"

Ta taɓa goshina. "Shi ke nan, ya hau kai."

Bayan magariba na lallaɓa na fita. Gambo ya zo, Haladu ya zo, ya zaro cokalinsa daga aljihu ya ajiye a gabansa yadda ya saba. Ba a jima ba kwano mai jan fure ya ɓullo daga lungu, wannan karon a hannun mai shi. Ɗantala ya yi sallama da muryar da ba ta fita sosai, ya tsaya nesa da tabarma. Gambo ya amsa. Haladu ya jawo takalminsa ya zura ƙafa ɗaya.

Na kwance ƙyallen da Delu ta ba ni, cokula suka zube a tabarma.

"Yau da wannan za mu ci," na ce. "Gobe ma haka."

Gambo ya zaro ido. "Tuwo da cokali? Malam, ni fa mahauci ne, ba ɗan boko ba. Zazzaɓin nan bai sake ka ba."

"Ɗauki, Gambo."

Ya ɗauka yana ƙunƙuni. Na miƙa wa Ɗantala ɗaya. Ya ajiye kwanon a gurbinsa, shi kuwa ya tsuguna a ƙasa, yatsun ƙafarsa kaɗai ke taɓa bakin tabarma. Na caka cokalina a tsakiyar tuwo, malmalar ta zille, miya ta fantsamo mini a riga. Gambo ya ɗebo loma ta faɗi kafin ta kai baki. Ɗantala kuwa cokalinsa sai kaɗa gefen kwano yake yi. Ƙarar ta cika ƙofar gida kamar maƙera.

Haladu na tsaye a kanmu, takalmi ɗaya a ƙafa, yana kallo. Ya daɗe yana kallo.

"Ku duka ukun ba ku iya komai ba," ya ce. Ya sunkuya ya ɗauki nasa da manannun yatsunsa. "Daga gefe ake yanka, ba tsakiya ba. Kai, Ɗantala, ba tsinin za ka riƙe ba, ba allura ba ce. Matso in nuna maka, kana ɓata wa Tabawa miya."

Ɗantala ya matso. Haladu ya zauna a bakin tabarma, bai cire takalmin da ya sa ba, bai kuma sa ɗayan ba.