Hoton Gidan Khala Jobeda

Shekara goma sha tara ina ɗaukar hoto a bakin tekun Kuakata, kuma aikin duk ɗaya ne. Amarya ta miƙa tafin hannu, in matsa hagu in matsa dama har rana ta zauna mata a tafin, in danna, ango ya washe baki, a ba na baya wuri. Shi ya sa ranar da Khala Jobeda, yayar mahaifiyata, ta same ni a ƙarƙashin laima ta ce hoto take so, har na kai hannu zan gyara mata mayafi.

Ta buge min hannu. Wai ba ita za a ɗauka ba, gidanta za a ɗauka, rana na faɗuwa a gabansa, kuma kada ta ga ko ƙafar mutum a ciki.

Gidan nan fa shekara takwas ke nan da teku ya cinye shi. Abin da ya rage bututun famfon tsakar gida ne, shi ma sai ruwa ya janye sosai yake leƙowa. Na ce ta bari sai Litinin, yau Juma'a, rabin mutanen birnin Dhaka suna bakin ruwa. Ta ce ai ita ma Dhakan za ta. Gobe da sassafe ɗanta Tofazzal zai sa ta a mota, ya kai ta gidansa a hawa na bakwai na wani bene, kuma duk dangi mun san ba dawowa za ta yi ba.

"Delwar, in ba ka iya ba ka faɗa min, in nemi Mintu."

Mintu fa, wanda yake yanke wa mutane kai a hoto. Raina ya ɓaci, na tayar da babur, ta hau a karkace tana riƙe da rigata, muka nausa yamma a kan jiƙaƙƙen yashi.

Muka tarar bututun ya fito kamar kamu biyu, ya yi tsatsa, wani ƙato ya rataye rigarsa a kai yana wanka. Na roƙe shi ya cire. Yana tafiya sai ga mai doki da 'yan yawon buɗe ido, suna wucewa sai ga mai soyayyar ƙaguwa ya ajiye tire daidai inda na saita. Na kori wannan, na lallashi wancan, na yi wa wasu ma'aurata ƙarya cewa akwai rami a wurin. Mintu ya biyo mu da nasa mutanen, yana tambayata da ƙarfi ko yanzu kifi nake ɗauka, kuma shin suna murmushi. Ban kula shi ba, don rana ta riga ta yi ja, saura kamar tsayin gora ta taɓa ruwa.

Da wurin ya ɗan yi sarari na danna sau shida a jere, na duba, sai kunya ta kama ni. Duk tekun a karkace ya fito, kamar ana zubar da shi daga kwano. Ashe tsawon shekarun nan da kafaɗun mutane nake daidaita hoto, ban taɓa kallon layin ruwan ba. Babu fuska a gabana, na rasa inda zan ajiye ido.

Na gyara, na sake ɗauka, na kai mata da sauri. Ta kawo kyamarar dab da hanci, ta mayar min. Ta ce wannan ba gidanta ba ne, daga gidan maƙwabta nake kallo. Ita daga ƙofar madafa take ganin rana, famfo na hannun dama, kuma madafar tana can gaba, inda ruwa ya fara dawowa.

Na naɗe wando na shiga. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai cinya. Ina waiwaye tana yi min nuni da hannu daga gaɓa: hagu, ƙara hagu, dawo baya, a'a ka wuce. Ga wani gajimare siriri kwance a ƙasan sama, irin wanda duk mai hoto a Kuakata ya tsana, wanda yake haɗiye rana tun ba ta kai ruwa ba. Yashi na zamewa a ƙarƙashin ƙafata. Na ɗaga kyamara ke nan sai na ji muryarta a bayana. Tsohuwar nan ta shigo ruwa har ƙugu da zaninta.

"Khala, don Allah koma."

"Ka tsuguna. Wa ka taɓa gani yana girki a tsaye?"

Gaskiyarta. A wajenmu murhu a ƙasa yake, shekara arba'in a tsugune ta ga duniya daga ƙofar nan. Na durƙusa, ruwa ya kawo min ƙirji, sanyi ya ratsa ni, na riƙe kyamarar da nake ci da iyalina da ita yatsa huɗu a saman ruwa. Igiyar ruwa ta taso na ɗaga hannu, ta wuce na sauke, wata ta taso. Kafin in samu sarari tsakanin igiyoyi biyu in daidaita layin, in sa bututun a dama, gajimaren ya gama aikinsa. Na danna duk da haka.

Muka fito muna ɗiga. Na duba, na ji kamar in yi kuka, ni da gemuna. Hoton ya miƙe tsaf, ba kowa a ciki, ga bututu baƙi, ga ruwa shimfiɗe har ƙarshe, sama ta yi ja kamar garwashi. Rana kam babu. Na ce ta yafe min, na makara, da na tsuguna tun farko da na same ta.

Ta karɓa, ta goge gilashin da busasshen gefen mayafinta. Ta daɗe tana kallo, har aka fara kiran magariba a masallacin bayan gaɓa.

"Shi ne," ta ce. "Ni ma ban taɓa samunta ba. Kullum daidai lokacin nake tsiyaye ruwan shinkafa. In na ɗago kai sai in tarar ta tafi, ta bar min wannan jan."

Ta ce in wanke mata babba, wanda za ta iya gani ba tabarau, kuma in kai tasha kafin motar ƙarfe shida.