Tsohon Direba da Babur Mai Kujera Ɗaya

Shekara talatin da ɗoriya Baba Direba ya yi yana jan doguwar motar fasinja, bai taɓa buge ko akuya ba. Da kamfanin ya sallame shi saboda shekaru, sai ya koma gida da 'yar ƙaramar motarsa, yana kai matarsa kasuwa, yana ɗauko jikoki daga makaranta. Wata safiya yana fitowa daga gareji jiri ya ɗebe shi, motar ta goga ƙofar gida ta tsaya. Babban ɗansa, wanda kowa a gidan ke kira Manaja tun da ya sami ofis a wani kamfanin inshora, shi ne ya buɗe murfin motar ya tarar da mahaifinsa ya kifa kai a kan sitiyari. Asibiti suka ce hawan jini ne. Kafin a sallamo shi, Manaja ya kwashe makullan, ya mayar da motar gidansa.

An sa shi a kan magani, jinin ya sauka. Amma duk lokacin da ya tada maganar mota, amsa ɗaya ce: "Baba, a ƙara haƙuri." Yaran suka haɗu suka sayo masa wata kujera mai laushi da ake kwantar da bayanta, da talabijin mai faɗin ƙofa. Yana zama a cikinta sai ya ji kamar an ajiye shi a kanta ana jira ya lalace.

Likita ya ce ya riƙa tafiya da ƙafa, tafiyar kuma kullum a shagon Mai Walda take ƙarewa, wani tsohon abokinsa tun zamanin tasha. A bayan shagon, ƙarƙashin wani yagaggen tamfol, ya ga babur. Tsoho ne mai silinda biyu, ya girmi Manaja. Tayoyin sun tsage, tsatsa ta cinye salansa, ɓeraye sun yi gida a cikin soson kujerar.

"Na wane ne wannan gawa?"

"Wani ne ya kawo gyara, ya ƙaura ya ce in yi yadda na ga dama da shi. Jira nake masu tarkace su zo."

Baba Direba ya taka kik. Da ƙyar ya motsa, amma ya motsa, ya ji injin ya yi wani nishi.

"Bai mutu ba," in ji shi.

Mai Walda ya goge hannu, ya ciro waya, ya nuna masa hoton wani babur da ya gani. An rage masa duk wani abu da ba dole ba: dogon tanki, hannaye a ƙasa sosai, kujera ta mutum ɗaya da ɗan tozo a baya. Ya ce kafe resa ake kiran irinsu, wai da samari ne ke yanke baburansu haka, su riƙa tsere daga wannan shagon kofi zuwa wancan.

"Amma fa na yara ne masu lafiyayyen baya," ya ƙara da dariya. "Kwanciya ake yi a kan tanki."

Baba Direba ya daɗe yana kallon hoton. "Ara mini giranda," ya ce.

Da kansa ya tura babur ɗin har gida a kan fatattakakkun tayoyi, yana tsayawa yana hutawa. Umma, matarsa, tana shanya a tsakar gida ta ga ya shigo jiƙe da gumi.

"Malam, me ka kwaso mana?"

"Babur."

"Ina babur ɗin? Ni tsatsa nake gani da tayoyi."

"To ki ci gaba da kallo."

Garejin da ya zama fayau tun da aka ɗauke motar ya cika da ƙarafa. Ya shimfiɗa tsofaffin kwalaye a ƙasa, ya warware babur ɗin har ƙashinsa. Kusoshi da notuna ya zuba su a gwangwanayen madara, kowane ɓangare da nasa. Kafireto biyun ya jiƙa su a fetur a cikin wani tsohon kwanon Umma, ta neme shi ba ta gani ba sai da ta bi wari. Fistin ɗaya ya kama, ya yi ta ɗiga masa mai yana bugun sa a hankali da guntun katako har ya saki. Zoben fistin kuwa babu shagon da ke da irinsu; sai da ya zagaye layin masu kayan gyara, wani dattijo ya tono masa su a ƙasan wani akwati mai ƙura.

Ranar yanka, Mai Walda ya zo da injinsa a baro. Suka auna, suka ja layi da alli a bayan firam ɗin.

"In ka yanke, ba ya komawa," in ji Mai Walda.

"Wa ya ce ina so ya koma?"

Giranda ta yi ƙara, tartsatsi ya watsu, jelar babur ɗin ta faɗi ƙasa. Suka lanƙwasa bututu kamar kofaton doki suka liƙa a wurin. Maƙwabta suka leƙo, suka koma suna girgiza kai.

A ƙarshen makon nan Manaja ya zo gaisuwa. Ya tsaya a bakin gareji cikin farar riga, yana neman inda zai sa ƙafa.

"Baba, ina wuni. Wannan kuma fa?"

"Lafiya lau. Miƙo mini sifana goma sha uku, ga ta can kusa da takalminka."

Bai miƙo ba. "Baba, ba dai hawa za ka yi ba?"

"A'a, ado zan yi da shi a falo, kusa da talabijin ɗinku."

"Don Allah, Baba, ba wasa nake ba. Ni fa na buɗe motar nan. Ni na ga idonka ya juye. A mota ma ke nan, mai bango huɗu. Wannan in jiri ya ɗebe ka, kwalta ce za ta tare ka."

Baba Direba ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya san yaron ba ƙarya yake ba, ya kuma san tsoro ne ke magana a bakinsa. Amma abin da ya daɗe yana cin sa ya taso.

"Na ji, ka gani. Rana ɗaya na faɗi, kun mayar da ni kayan fashewa. Ina shan maganina, ba na tsallakewa. Kai da kake ba ni umarni, a cinyata ka fara riƙe sitiyari. Ka ɗauki mota, ban bi ka gida ba. Wannan kuwa ba ka sayo shi ba, ba a gidanka yake ba."

Manaja ya shiga wurin mahaifiyarsa, suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa, ya fita bai leƙa gareji ba.

Aiki ya ci gaba. Tankin yana da lotsawa a gefe ɗaya. Ya cike ta, ya yi ta gurza da samfefa har yatsunsa suka yi sulɓi. Ya fesa masa fenti kore mai duhu, ƙura ta sauka a kai kafin ya bushe, ya kankare ya sake. Kujerar ya sassaƙa ta daga sabon soso da wuƙar yanka burodi, ya kai wa mai ɗinkin kujerun mota ya rufe ta da fata ruwan ƙasa. Wayoyin wuta su suka fi ba shi wahala, don idonsa ba ya raba shuɗi da kore sai ya fito da su rana. Sau da yawa yana taɓa hon sai fitila ta kama.

Wata Talata ya tafi asibiti a duba jininsa. Bai daɗe da fita ba wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida, mutum biyu suka sauko da igiya. Manaja na biye da su a motarsa.

Umma ta fito da ludayi a hannu, ta tsaya a ƙofar gareji.

"Umma, matsa su ɗauka. Kin ce ke ma ba kya so."

"Na ce ina jin tsoro. Ban ce ka kawo mini baƙi su yi wa ubanka sata ba."

"Sata, Umma?"

"Me sunan ɗaukar kayan mutum ba ya nan? Kai ba a nan kake kwana ba. Tun da kuka dasa shi a kujerar nan nake kallon mutum yana narkewa, abinci sai na yi da gaske. Yanzu kuwa ƙari yake nema, har waƙa yake yi a banɗaki. Ku bayin Allah, ku yi haƙuri, an wahalar da ku. Ku sha ruwa ku tafi."

Masu a-kori-kurar ba su jira ruwan ba. Manaja ya tsaya yana murza goshi, ya ce in wani abu ya faru kada a kira shi. Ta ce za a kira shi, kuma zai zo.

Da Baba Direba ya dawo, ta gaya masa komai tana tsaye, ba ta rage ba. Ya juya zai fita, ta tare shi.

"Ba inda za ka. Na riga na yi faɗan. Yanzu naka ya rage. Ba za ka hau abin nan ba sai likita ya ce ka hau, da kunnena. Kuma sai da hular kwano, mai rufe haɓa, ba irin ta 'yan gayu ba."

"Ke ma kin zama Manaja?"

"Ni ce na haifi Manaja."

Tare suka je wa likitan. Ya gwada jini, ya duba ido, ya sa shi ya tsaya da ƙafa ɗaya. Ya ce bai ga abin da zai hana ba, muddin ba a bar magani ba, kuma in ya ji kansa ya yi nauyi ya sauka nan take. Sannan ya tambaya wane irin babur ne, da aka nuna masa hoto ya ce bayansa ne zai kai ƙara, ba zuciyarsa ba.

Injin bai tashi da wuri ba. Ya taka kik har gwiwarsa ta yi tsami. Ya cire fulogi ya goge, ya mayar. Babur ɗin ya yi tari, ya harba masa kik ɗin a ƙwauri, shi kuwa ya zagi uwar wanda ya ƙera shi. Mai Walda ya gano an juya wayoyin fulogin, ta hagu ta koma dama. Da suka gyara, taku ɗaya ya kama. Ƙarar ta cika garejin, gwangwanayen madara suka hau rawa a kan benci, kajin maƙwabta suka watse. Baba Direba ya tsaya riƙe da totur, yana dariya kamar yaro, hayaƙi na shiga masa ido.

Da aka yi wa babur ɗin lamba, ya sa ranar fita, ya kuma aika wa Manaja da kansa cewa Asabar da safe zai hau. Ya fito da hular kwano da tsohuwar rigar fata. Ya ɗaga ƙafa da ƙyar ya haye, ya miƙa hannu ya kama hannayen da ke can ƙasa, tumbinsa ya zauna daram a kan tanki. Umma ta rufe baki da mayafi, ba a san dariya take ba ko addu'a.

Ya fita layi a giya ɗaya, ya bi ta gaban shagon Mai Walda, ya hau babban titi. A madubin da ke ƙarshen hannu ya hango mota tana bin sa a hankali, fitilun gefe na ƙiftawa. Tsohuwar motarsa ce, Manaja a ciki. A danja ta farko ya tsaya, motar ta tsaya a gefensa. Ya ɗaga gilashin hular.

"Kai! Wa ya mutu kake kunna mini fitilar rakiya?"

"Baba, ina bayanka ne kawai."

"Kashe su. In za ka bi ni, bi ni kamar direba. Kuma ka daina hawa kuloci, tun daga can nake jin ƙaurinsa."

Danja ta saki. Ya ba shi wuta, ya sa giya biyu, ya sa uku. Babur ɗin ya miƙe, iska ta danne masa ƙirji, sai ya gane dalilin da ya sa aka sauke hannayen: ya kwanta a kan tankin, iskar ta bi ta bayansa ta wuce. Bai yi gudun hauka ba, bai taɓa yi ba. Amma ya ratsa tsakanin wata tirela da motar haya yadda ƙaramar mota ba za ta iya ba, kafin gada kuma madubin ya zama babu kowa.

Ya yi nisa har gidaje suka ƙare, gonaki suka fara, sannan ya juyo. Da ya iso gida, Manaja na zaune a kan dakali, ya kasa gano inda mahaifinsa ya bi, sai ya dawo ya jira. Baba Direba ya kashe inji, ya yi yunƙurin miƙewa, bayan ya ƙi. Ya zauna a duƙe kamar mai neman allura.

"Zo ka kama ni," ya ce. "Kada ka ce komai."

Manaja ya kama shi ya sauko da shi, kafaɗunsa na rawa saboda dariyar da yake dannewa.

Kwana biyu ya yi Umma na shafa masa man zafi. Mai Walda ya zo dubiya, ya ce abu ne mai sauƙi, a ɗaga hannayen kaɗan, a huta da ciwon baya. Baba Direba yana kwance rub da ciki a kan tabarma ya ce a bar masa hannayensa inda suke, bayan ne zai koya. Ya ce wa Mai Walda in zai dawo gobe ya taho da ma'aunin iska, don tayar gaba tana ɗan ja hagu.