Kibod ɗin da Mama Ta Naɗo a Zani

Auta na tsaka da ciro kumburarren batirin wata waya ta ji an dire wani abu a kan teburinta, dim! Sukurori suka yi tsalle, kofin shayinta ya tuntsire. Ta ɗago a fusace, masifa cike da bakinta, sai ta ga mahaifiyarta ce tsaye tana haki.

"Mama? Lafiya da tsakar ranar nan?"

"Kwance ki gani."

Auta ta warware zanin. Kibod ne, amma ba irin na yanzu ba. Faɗinsa ya kusa cinye teburin, launinsa ya koma na tsohon haƙori, maɓallansa tsaye cako-cako, ga murɗaɗɗiyar waya mai kauri da ta ƙare da wani zagayayyen fulogi. Ta san shi sarai. Tun tana yarinya yake saman sif ɗin ɗakin Mama. Da shi Mama ta fara aiki a wani kamfani, zamanin da kwamfuta ɗaya ke cika ɗaki, kowane ma'aikaci kuma yana gaban kibod da allo mai koren rubutu. Ranar da kamfanin ya zubar da kayan, ita ta rungumo nata ta kawo gida.

Mai Caji, maƙwabcin rumfar Auta, ya leƙo. "Injiniya, yau kuma janareto aka kawo gyara?"

Mama ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ja benci ta zauna, ta zayyana wa Auta komai. Manajan shagon buga takardun da take aiki ya sayar da tsofaffin kwamfutoci, ya zuba laftof.

"Maɓallansu a shafe suke kamar bayan faranti. Yatsuna ba sa jin inda suke, idona kuma kin san halin da yake ciki. Jiya takardar wani na buga, kowane layi da kuskure. Ni! Manaja ya ce idan ban gyaru ba kafin makon nan ya fita, kujerata ta ɗan ƙanwarsa ce." Ta ɗora tafi a kan kibod ɗin. "Ki haɗa min wannan da laftof ɗinsu."

"Mama, abin nan fa ya girme ni. Babu ramin da fuloginsa zai shiga. Yarensu ma ba ɗaya ba ne."

"Na tambaye ki ko yarensu ɗaya ne?"

Auta ta jawo kibod ɗin gabanta. Ta ture wayar mai kumburarren batiri gefe.

Kafin la'asar ta kwance bayan kibod ɗin. Farantin ƙarfe ne a ciki, shi ya sa yake da nauyin ɗan yaye. Ta bi wayoyin da mita har ta gane mai kai wuta, ta gane mai mayar da wutar ƙasa, sauran biyun kuma su ke ɗaukar magana. Ta zazzage durowarta ta ciro wani ɗan ƙaramin bod, bai kai akwatin ashana ba, irin wanda ake koya wa aiki ta kwamfuta. Shi zai zama tafinta: ya saurari tsoho, ya faɗa wa laftof.

Ta kunna ƙarfen soda, ta liƙa wayoyin. Ta jona a laftof ɗinta, ta danna maɓalli. Shiru.

"Ya rasu?" in ji Mai Caji. "Mu tara jama'a?"

"Kai dai je ka ji da wayoyin mutane."

Washegari ta sauya wa wayoyin magana biyun wuri. Ta danna. Wata lamba ta faɗo a allo. Ta danna wani maɓallin, wata lambar daban ta fito. Auta ta daki teburi har mita ta faɗi ƙasa. Tsohon na magana, kowane maɓalli da lambarsa, saura a gaya wa ɗan tafinta wace lamba ce wane harafi.

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta duba harafin da ke rubuce a kan maɓalli, ta danna, ta ga lambar, ta ɗaura su tare. Ita da ma da yatsa biyu take bugu, tana neman haruffa da ido kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Da ta gama ta gwada, ta buga sunan rumfarta, ta buga zagin da ta tanadar wa Mai Caji. Komai ya fita tsaf. Ta naɗe ɗan bod ɗin da baƙin salatif, ta kira Mama a waya.

"Gobe da safe ki sa kayanki masu kyau."

Shagon buga takardu dogon ɗaki ne mai fanka ɗaya, injin fotokwafi na ta numfashi a lungu. Da Auta ta shigo rungume da kibod, 'yan matan shagon suka fara ƙus-ƙus. Ɗan ƙanwar Manaja na jingine da bango, ya riga ya rataya jakarsa a kujerar Mama. Mama ta sauke jakar ta miƙa masa.

Manaja ya dubi kibod ɗin, ya dubi Auta. "Wannan ba zai ƙona min laftof ba?"

"Idan ya ƙone, ni ce mai gyara, ranka ya daɗe."

Ya miƙa wa Mama wasu takardu rubutun hannu. Na wani magini ne, ya ce zai dawo karɓa da rana.

Mama ta gyara zama, ta kusanto da takardar daf da fuskarta, ta ɗora yatsu. Sai ƙara ta tashi kamar ruwan sama a kan kwano. Duk shagon aka juyo. Yatsun nan da suka kwana biyu suna tuntuɓe yau gudu suke, kafaɗunta sun miƙe, har murmushi take.

Auta ta kalli allo.

Babu kalma ɗaya mai ma'ana. Haruffa ne a cakuɗe, layi bayan layi.

Ɗan ƙanwar Manaja ya tuntsire da dariya. "Kawu, zo ka ga sabon yare!"

Manaja ya zo, ya duba, ya sauke numfashi. "Baaba, ina ganin girmanki wallahi. Amma kin gani da idonki."

"Dakata," in ji Auta. Ba ta matsa daga wurin ba. "Jiya na gwada shi da hannuna. Mama, danna min T."

Mama ta danna ba tare da ta duba ba. Auta ta sunkuya. A kan maɓallin da yatsan ya sauka, G ne a rubuce.

"Mama, wannan ai G ne."

"T ne."

"Ga shi a rubuce!"

"Oho, rubutun?" Mama ta yamutsa fuska. "Wa ke bin ta rubutun? Duk shekara nake ɓalle kawunan nan in wanke su a roba da sabulu, in shanya. In sun bushe, wanda ya zo hannuna shi nake dannawa inda ya shiga."

Auta ta dafe kai. Ita ta koya wa tafinta abin da ido ke gani, Mama kuwa da abin da yatsu suka sani take bugu.

"Ranka ya daɗe, ka ba ni zuwa dawowar mai takarda."

"Idan ya shigo babu aikinsa, magana ta ƙare."

Auta ta zube a ƙasa kusa da kujerar, ta ɗora laftof ɗinta a cinya, ta jona kibod ɗin a jikinsa, ta goge duk abin da ta koya wa ɗan bod ɗin.

"Mama, ni zan kira harafi, ke ki danna. A."

Ƙwas.

"B."

Ƙwas.

"Yi sauri, Auta, kina kira kamar mai jin barci."

Suka bi haruffa, suka bi lambobi, suka bi waƙafi da aya. Gumi na ɗiga daga haɓar Auta. Sau ɗaya ta ɗaura lamba a inda ba nan ba, Mama ta ranƙwashe ta a ka, a gaban kowa. 'Yan matan da ke ƙus-ƙus ɗazu sun matso, ɗaya har tana yi wa Auta fifita da fayil.

Suka mayar da wayar kibod ɗin jikin laftof ɗin shago. Ruwan sama ya sake sauka a kan kwano. Wannan karon Auta ba ta iya kallon allo ba, fuskar Manaja ta zuba wa ido. Ta ga leɓɓansa na motsi yana bin layi, ya kai ƙarshen shafi, ya shiga na gaba.

Magini ya shigo da ƙurar siminti a wandonsa daidai lokacin da firinta ke tofo shafin ƙarshe. Ya karanta a tsaye, ya gyaɗa kai, ya naɗe takardunsa ya fita.

Manaja ya sosa ƙeya. "Ƙarar nan dai za ta kashe mu." Ya ɗauko wani tulin takardu ya dire a gaban Mama. "A matsar mata da teburin bakin taga. Kai kuma," ya juya wurin ɗan ƙanwarsa, "je ka kama fotokwafi."

Auta ta miƙe, ƙafarta ta yi tsami. Ta ciro ɗan sukundireba daga aljihu. "Bari in mayar miki da kowane kai mazauninsa, Mama, ko don mutane."

Mama ta buge mata hannu. Ta saci kallon saurayin da ke jan ƙafa zuwa lungu, ta rage murya.

"Bar su yadda suke. Duk mai son kujerar nan, ya zo ya zauna ya buga mu gani."

Ta jawo takarda ta farko daga tulin, ta kusanto da ita fuskarta.