Babin da Yake Cire Tabarau

Mai Keke ba ta iya karatu ba, amma ka kuskura ka ce ba ta san littafi ba, yanzu ka ji ruwan masifa. Littafi guda ta sani a duniya, labarin wani matuƙin kwale-kwale da ruwa ya tafi da shi, matarsa tana jira a bakin kogi. Mijinta mai gyaran agogo ne yake karanta mata. Shagonsa na jikin shagon ɗinkinta, in kasuwa ta yi sanyi sai ya jawo benci. Tana taka keken ɗinki ya yi shiru, ta koma ɗinkin hannu ya ci gaba. Shekara ashirin da shida suna haka, in sun kai ƙarshe su koma farko.

In an zo babin ƙarshe yakan cire tabarau, wai wannan ya haddace shi. A nan ne matuƙin yake dawowa gida a rame, matar tana shanya ta waiwayo ta gan shi. Wani zubin da sanda yake dawowa, wani zubin da ɗan akuya a kafaɗa. Ta ce, "Malam, kana tsallake layi fa." Ya ce, "Ke dai yi ɗinkinki."

Yau shekara uku da rasuwarsa. Littafin na cikin durowar keke, ba ta yarda kowa ya buɗe. Abin da ya rage mata ke nan: in ta lumshe ido sai ta ji muryarsa yana karanta babin, matuƙin kuma da fuskar Malam yake shigowa.

Wata Talata da hantsi Auta, ƙaramar 'yarta, ta faɗo shagon da waya a hannu.

"Umma, albishirinki! An yi fim ɗin littafinku."

"Su wa suka sa su?"

"Kai Umma! Kalla kawai za ki yi."

Auta ta jingina wayar da gwangwanin maɓallai. Tun fitowar jarumin Mai Keke ta fara tsaki.

"Wannan mai kumatun ne matuƙin? Wannan ko bokiti bai taɓa ɗauka ba."

Ta kushe rigar matar, ta kushe kogin, ta ce kiɗan ya cika kunne. Duk da haka ba ta tashi ba, dawowar take jira. Sai ga masunta sun tsamo gawa, an miƙa wa matar filafilin tuƙinsa, rubutun ƙarshen fim ya fara hawa.

"Shi ke nan?" Ta miƙe har tef ɗin awo ya zame daga wuyanta. "Sun kashe shi? Allah ya isa! Mutum ya dawo da ƙafarsa, su ce ya mutu?"

Haushi ya sa ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta fizgo durowa ta danƙa wa Auta littafin.

"Buɗe ƙarshen. Karanta mini yadda yake, in ji sanyi."

Auta ta buɗe, idonta na bin layi. Ta juya shafi, ta dawo baya. Ta sake juyawa.

"Ke nake jira."

"Umma, haka yake a nan ma. Masunta ne suka tsamo shi."

"Duba da kyau. An yage wani shafi ne."

"Ba a yage komai ba, Umma. Ga lambobin a jere."

Mai Keke ta koma ta zauna. Ashe ba hadda ba ce. Ashe bawan Allahn nan ya san ta da saurin kuka, shi ya sa shekara ashirin da shida yake tsamo mata mutumin daga ruwa da bakinsa. Babin da ta fi so babu shi a takarda ko'ina, sai a kanta. Tausayinsa ya kama ta, tsoron kar ta manta babin ya biyo baya.

Auta ta share ido, ta yago takarda daga littafin awo.

"Faɗa mini yadda Baba yake faɗa, in rubuta."

Mai Keke ta lumshe ido. Ga shanya, ga matar ta waiwayo. Amma wanda ya shigo tsakar gidan mai kumatun nan ne, kiɗan fim ɗin na biye da shi. Ta girgiza kai ta sake. Shi ne dai. Ta kasa kunne ko za ta ji muryar Malam, kiɗan ya hana.

"Umma, ina ji. Me ya fara ce mata?"

"Tsaya mana, yana zuwa."

Auta ta riƙe biro tana jira. Har aka kira azahar ba ta rubuta komai ba.