Allo a Tsaye, Fenti a Kwance

Ƙafar hagu ta Kapembwa, mijin yayata, tana can cikin ramin haƙar jan ƙarfe tun shekara goma sha tara da suka wuce, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ta tsiro ba. Amma hukumar garinmu ba ta yarda da jita-jita. Duk shekara sai ya kawo takardar likita mai shaida cewa har yanzu ƙafar ba ta dawo ba, sannan a sabunta masa 'yar shuɗiyar takardar da yake liƙawa a gilashin motarsa.

Likitan da ke sa hannu ranar Talatar farko ta wata kaɗai yake zuwa. A watan Nuwamba ya tafi taron ƙara wa juna sani. Takardar Kapembwa ta mutu, ta kwana goma sha ɗaya a mace, a rana ta goma sha biyu ya leƙo daga shagonsa ya tarar an ɗaure masa taya da ƙarfe, ga takardar tara ta kwacha ɗari huɗu da hamsin a ƙarƙashin abin share gilashi. Laifinsa shi ne ya ajiye mota a wurin naƙasassu.

Makulli yake yankawa a wani ɗan shago kusa da gidan waya. Daga ƙofarsa zuwa wurin nan taku goma sha biyu ne da sanduna. In ba nan ba, sai bayan kasuwa, a tsallake kwata biyu marasa murfi da layin masu kifi. Wurin kuwa shi ya haife shi. Shekara shida ya yi yana rubuta wasiƙu kafin a shafa shuɗin fenti a kwalta, a kafa allo mai hoton keken guragu, kansila ya zo da almakashi da mai ɗaukar hoto. Allon bai cika shekara biyu ba ɓarayin ƙarfe suka tuge shi, ya bi ta hannun maƙera, ya dawo unguwa a matsayin murhun gawayi. Maman Mpundu ce ke gasa masara a kai a tsallaken titi. In ka sunkuya za ka ga rabin tayar keken a gefen murhun.

Da yamma muka haɗu a gidansu kan nshima, tuwon masararmu, da ƙananan kifi. Yayata Kasuba ta ce a biya kawai a huta.

“Ba zan biya ba,” in ji shi. “Zan je in ɗage musu wando. In sun ga ƙafa, su riƙe motar.”

Na ce, “Mulamu, doka ba ta kallon wando. Takarda take karantawa.”

Mulamu muke ce wa juna, kamar kowane mijin ya da ƙanin mata, amma in yana son ya tsokane ni sai ya ce Lauya. Na karanta shari'a a jami'a, yanzu ina koyar da ita ga masu neman zama akawu.

“To Lauya, wanda bai taɓa cin shari'a ko ta akuya ba, me takarda ta ce?”

Na yi kwana biyu ina tonon dokokin hukumar gari, na samo abin da nake nema. Wuri ba ya zama keɓaɓɓe sai da alama biyu tare: fenti a kwance a ƙasa, da allo a tsaye a kan sanda. In ɗaya ta ɓace, wurin na kowa ne. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Na karanta wa Kasuba sakin layin sau biyu, ta ce ita dai da an biya.

Ofishin sauraron koke yana hawa na biyu, na'urar hawa kuma ta lalace tun zamanin da ba a tuna ba. Kapembwa ya hau matakala ashirin da shida ina riƙe masa jaka. Mai sauraron koken wata mace ce, Madam Nyirongo, mai tabarau da murya irin ta mai karanta sanarwar rasuwa. Bai jira an ba shi izini ba, ya zauna, ya warware allurar da ke riƙe da naɗin wandonsa.

“Baba, rufe,” in ji ta, ba ta ko ɗago kai sosai ba. “Ni ba likita ba ce. Ba ni da hurumin duba ƙafa.”

“Ai babu ƙafar da za ki duba, 'yata. Shi ne maganar.”

“Rashinta ma ba ni da hurumin dubawa. A takarda, ranar sha huɗu ga wata, ba ka cikin masu buƙata ta musamman.”

“Da na sani da na yi ƙwallo ranar.”

Ba ta yi dariya ba. Sai na miƙe, na gyara murya, na karanto sakin layina. Na ajiye mata hoton wurin: fenti ya koɗe, ga guntun ƙarfe a inda allo yake a da. Na so in ƙara da hoton murhun Maman Mpundu, sai na ga kada abin ya yi yawa.

A nan ne ta cire tabarau ta dube ni da kyau. Na ɗauka burge ta na yi.

“Wato kuna cewa wurin ba keɓaɓɓe ba ne.”

“A idon doka,” in ji ni.

“Wane ido kuma muke da shi a nan?” Ta jawo wata takarda ta rubuta layi uku, ta tura gaban Kapembwa. “Mai koke ne zai sa hannu, ba mai rakiya ba. Ka shaida cewa a saninka babu wurin naƙasassu a gaban gidan waya, tun ranar da allon ya ɓace.”

Ya karanta a hankali, leɓensa na motsi. Ya juyo gare ni.

“Lauya, wurina ne fa suke so in ce babu shi.”

“Magana ce ta takarda kawai, Mulamu. Fenti yana nan, kowa ya san wurinka ne. Sa hannu mu karɓi mota.”

Ya daɗe riƙe da biron. A ƙasa ana jin kwandastoci na kiran fasinja. Sannan ya sa hannu, irin sa hannun nan nasa mai wutsiya da ya ƙawata wasiƙun shekara shida. Madam Nyirongo ta buga hatimi, ta ce an soke tara, ta yi mana godiya. Ban taɓa ganin ma'aikacin hukuma ya sha kaye yana godiya ba, amma ban tsaya tunani ba. A matakala na ce masa ya fara neman wani suna da zai riƙa tsokanata da shi.

Ashe akwai wasu takardun tara talatin da bakwai a kan wurin nan, duk na masu ƙafa bibbiyu da manyan motoci, waɗanda suka daɗe suna damun ofis da waya. Shaidar Kapembwa ta wanke su duka a rana ɗaya. Ranar Litinin ma'aikata biyu suka zo da bokitin baƙin fenti. Hukumar da ta yi shekara shida kafin ta sami shuɗi, baƙi bai ɗauke ta mako guda ba. Sun ce barin fentin zai ruɗi jama'a.

Na koma wurin Madam Nyirongo ni kaɗai. Na ce to a kafa sabon allo. Ta ce ba a kafa allo a wurin da ba keɓaɓɓe ba. Na ce a keɓe shi. Ta ce sai a rubuto sabuwar buƙata, kwamiti yana zama bayan damina. Na ce zan sayi allon da kuɗina. Ta ce kafa alamar hanya ba da izini ba laifi ne, kuma tunda ni malamin shari'a ne ba sai ta nuna mini sakin layin ba. Ta buɗe fayil ɗin wurin ta nuna mini. Wasiƙunsa na shekara shida suna ciki, an jera su da kyau, a samansu kuma takardar nan mai layi uku.

Likita ya dawo a Disamba, ya duba, ya tabbatar ƙafar ba ta tsiro ba. Aka ba Kapembwa sabuwar shuɗiyar takarda. Ya liƙa ta a gilashi, yana ajiye motar a bayan kasuwa. Sau biyu ya faɗi a bakin kwata. Kasuba ce ta faɗa mini, ba shi ba. Ya daina ce mini Lauya. Lombe yake kirana yanzu, sunan da ke kan katin shaidata.

Wata safiya a Janairu na rubuta sabuwar buƙatar, shafi huɗu, da sakin layi da komai, na tafi kai masa ya sa hannu. Ruwa ake yi tun asuba. Na zagaya titin gidan waya sau uku babu wuri, ga aji yana jirana ƙarfe tara. A zagaye na huɗu wata mota ta fita daga gaban shagonsa. Na ce minti biyar ne kawai. Na ajiye motata a wurin.

Shagon a rufe yake. Ina tsaye a ƙarƙashin rumfa sai na hango shi ya ɓullo ta layin masu kifi, jakar leda a ka, laka har gwiwarsa ɗaya, yana dasa sanduna a hankali kamar mai auna gona. Ya tsaya wurin Maman Mpundu ya sha iska, ya ɗan ɗumama hannu a murhun, sannan ya tsallako. Ya dubi motata. Ya dubi baƙin fentin da ke ƙarƙashinta, inda ruwa ya fara fito da shuɗi a gefe.

Na laluba aljihu ina neman makulli. “Bari in matsar da ita, Mulamu.”

“Matsar da ita ka ba wa?” Ya jingina sanda ɗaya a bango yana buɗe kwaɗon shago. “Bar ta, Lombe. Wurin kowa ne. Ni na sa hannu.”

Ya shiga ya kunna injin yankan makulli. Takardar shafi huɗu tana hannuna, ta fara jiƙewa.