Kwaɗon Audu Direba

A shekarar da Rood Woko, babbar kasuwar Wagadugu, ta ƙone, Hajiya Raliya ta yi asarar rumfarta ta atamfa ƙurmus, ko ƙyalle ba ta fitar ba. Ba ta gama share hawaye ba kuma aka bi katangun Zango ana shafa musu jan fenti, aka ce kowa ya kwashe nasa ya nasa, za a rushe unguwar.

Abu ɗaya ya rage mata mai nauyi, shi ma ba ta san yadda za ta yi da shi ba. Wata tsohuwar mota ce a ƙarƙashin rumfar kwano a tsakar gidansu, tayoyinta sun kwanta, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Mahaifinta, Audu Direba, mutumin Damagaram, ya yi shekara goma sha huɗu yana tuƙa wani Bajamushe mai haƙa rijiyoyi. Bajamushen yana da wannan ƙaramar motar tsere, ƙirar Porsche, da yake fita shan iska da ita ranar Lahadi. Da zai koma ƙasarsu ya miƙa wa Audu makulli da takardu, ya ce ladan amana. 'Yan unguwa suka sa mata suna Kwaɗo, saboda fitilunta sun fito zuru-zuru kuma tana durƙushe kamar za ta yi tsalle. Da Audu ya rasu aka zo rabon gado, 'yan'uwanta maza suka yi ta tura wa juna ita, har ta faɗo a kason Raliya.

Mannir ne ya fara zuwa. Dillalin motoci ne, ɗan unguwa, Raliya ta san shi tun yana yawo ba wando. Ya shigo da wani Nasara jajir da ake kira Mushe Lamber, wato Malam Lamber da Faransanci, wanda aka ce daga Lome yake zuwa yana bin gidaje yana sayen tsofaffin motoci.

Nasaran ya zagaya motar sau biyu. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya ƙwanƙwasa gefenta da yatsa, ya ɗaga murfin baya inda injin yake, ya daɗe yana haskawa da tocila. Raliya tana zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa, amma idonta yana kansa. Ta ga lokacin da ya haɗiye miyau. Shekara ashirin tana ciniki, ta san fuskar mai saye idan ya ga turmin da ransa ya biya yana ƙoƙarin ɓoyewa.

Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ya yi magana da Faransanci yana girgiza kai. Mannir ya juya mata da Hausa, ko da yake ta ji komai.

"Tanti, ya ce wannan irin motar kala-kala ce. Akwai babba, akwai ƙarama. Taki ƙaramar ce, harafin S ɗin nan na baya liƙa shi aka yi don burga. Injin ma ba nata ba ne. Amma saboda halin da kike ciki zai ba da miliyan ɗaya da rabi."

"Wane hali nake ciki?"

"Haba Tanti. Kasuwa ta ƙone, gida za a rushe. Katafila ba ta san Porsche ba, c'est fini, shi ke nan, tare da katanga za ta haɗa."

Raliya ta ajiye faifan shinkafar. "Ka ce masa Audu Direba bai taɓa liƙa wa kansa abin da ba nasa ba, balle ya liƙa wa mota. Ku gaida gida."

Washegari ta hau mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗinta, ta nufi bayan kasuwar Sankaryaaré, garejin Baba Iliya. Tsohon makanike ne, aminin mahaifinta, shi kaɗai Audu yake yarda ya taɓa motar. Yanzu idonsa ya yi rauni, sai zaman shayi da ba da umarni. Da ta gaya masa abin da aka ce, ya ajiye kofi da ƙarfi har shayin ya fantsama.

"Injin ba nata ba? Wa ya canza shi, aljanu? Ɗauke ni mu je."

Ta goyo shi a bayan mobilet, yana riƙe da hularsa da hannu ɗaya. A gida ya sa ta fito da akwatin ƙarfen mahaifinta. A ciki akwai kartigiris, wato takardar mallakar mota, da wani ɗan littafi mai hatimai da rubutun Jamusanci.

"Mota ba ta ƙarya, 'yata," in ji shi. "Masu ita ke yi. Kawo kananzir da tsumma."

Ya sa ta buɗe murfin gaba, ya kama hannunta ya ɗora a kan ƙarfen da ke kusa da tankin mai. Ta goge dattin shekaru, sai ga lambobi a dake cikin ƙarfe. Ya ce ta karanta masa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta duba takarda. Suka yi daidai.

"Lamba ta biyar nawa ce?"

"Uku, Baba."

"To ita ce babbar. Ƙaramar ɗaya take ɗauka a nan. Bajamushen da kansa ya nuna mana, ni da babanki, a wannan tsakar gidan."

Suka koma baya. Raliya ta cusa hannu har kafaɗa kusa da fankar injin, ta goge, ta karanto lambar da ke wurin. Ita ma ta yi daidai da ta littafin. Baba Iliya ya sa sifana ya juya injin da hannu, ya kasa kunne, ya ce bai ƙage ba.

Sai kuma ya shafa bayan motar.

"Amma fa in gaya miki gaskiya tun kafin wani ya gaya miki. Farin fentin nan ba nata ba ne. Ruwan lemo ce. Babanki ya ce bai iya shiga jar mota da furfura, ni na fesa mata fari. Ƙofar hagu ma na buge ta, wani mai amalanke ya taɓa goge ta. Kujeru kuwa kin ga aikin ɓera. Duk wannan zai rage mata kuɗi."

"Ya rage. Ni dai in san abin da nake sayarwa."

Sanin kuɗin ne ya fi ba ta wuya, don duk wanda ta tambaya a garin sai ya yi dariya ya ce ta auna ta a sikeli kamar tsohon ƙarfe. Kwana uku tana bin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi, tana tsugunawa tana bincike, har ta samu wata mujallar motoci ta Faransa wadda bangonta ya yage. A shafukan baya akwai jerin tsofaffin motoci da kuɗinsu. Ta bi da yatsa har ta kai kan tata. Ta mayar da kuɗin Turawa zuwa sefa, ta ga abin da ya fito, ta ɗauka kuskure ta yi, ta sake. Mai lafiya sumul tana haura miliyan ashirin.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta zauna da ɗan Faransancinta na firamare ta rubuta wasiƙa zuwa ga kamfanin da ya ƙera motar, ta sa lambobin biyu, ta roƙi su gaya mata ko tare suka fito. Ta kai telesantir, shagon buga waya, aka tura ta faks zuwa Jamus. Yarinyar da ke wurin ta karɓi kuɗi tana dubanta kamar mai taɓin hankali.

Amsa ba ta zo ba. Sati ɗaya, sati biyu. Katafila ta fara cin layin da ke bayan masallaci. Maƙwabta suna ta cire ƙofofi da kwanon rufi suna lodawa. Mannir yana zuwa kullum, yau da miliyan biyu, gobe da biyu da rabi. Har yayanta ya aiko cewa ta daina taurin kai ta karɓi rabonta.

Ranar da aka ce saura kwana biyu a iso layinsu, Mannir ya tsaya a ƙofar gida, hannu a aljihu.

"Tanti, uku. Na ƙarshe ke nan. Jibi ko dala ba za ki samu ba."

"Matsa mini daga hanya."

Ya waiga. Baba Iliya ne tafe da tayoyin aro huɗu a kan amalanke, da masu jakuna biyu da ta yi jinga da su. Aka fasa katangar zaure, tunda dama rushe ta za a yi. Aka sa tayoyi, aka ɗaura igiya, Raliya ta ɗaure ɗankwalinta tamau ta shiga ta kama sitiyari, ita da ba ta taɓa tuƙa mota ba. Jakuna suka ja. Haka suka ratsa tsakiyar Wagadugu da rana tsaka, masu mobilet suna ta ƙaho, mata masu sayar da kayan miya suna tafi suna shewa, wani ɗan sanda ya ɗaga hannu zai tsayar da su, dariya ta ci ƙarfinsa ya ce su wuce. Ita kuwa ko murmushi ba ta yi ba, idonta na kan wutsiyar jaki, har suka shiga gidan ƙawarta Salamata a unguwar Paspanga.

Kwana goma sha tara da tura wasiƙa, ta leƙa telesantir kamar kullum, yarinyar ta miƙo mata takarda mai santsi. Layi kaɗan ne. Motar ta fito a shekarar 1970, babbar ce, da injin da ke cikinta ta fito, launinta ruwan lemo.

Ba ita ta nemi Mushe Lamber ba. Shi ya yi ta cigiya har ya gano gidan, ya zo da Mannir a bayansa. Raliya ta sa aka ba shi kujera da ruwa. Wannan karon ba ta jira tafinta ba, da Faransancinta mai gargada ta yi masa magana.

"Mushe, fentin ba nata ba ne. Ƙofar hagu an buge ta. Kujeru sun lalace, kuma shekara tara ba a tayar da ita ba. Na cire kuɗin wannan duka da kaina. Ga takardar masu ƙera ta, ga mujallarku. Miliyan goma sha biyu."

Ya karanta takardar, kunnuwansa suka ƙara ja. Ya ce ai a Turai ake wannan kuɗin, nan Afirka ce, ga kuɗin jirgin ruwa, ga kwastan. Ya ce shida.

"Da ka ce mini shida ranar farko, da wataƙila na sallama, don ban san komai ba. Amma ka shigo gidan ubana ka ce ya liƙa ƙarya. Wannan ma da kuɗinsa."

"Madam, ba wanda zai ba ki goma sha biyu a garin nan."

"To ta zauna. Ba ta cin tuwo. Kuma telesantir ɗin da ya kai Jamus zai kai wajen masu mujallar nan, na ga lambarsu a ciki."

Ya tashi ya fita har bakin titi. Salamata ta dafe ƙirji ta ce, "Raliya, kin kore shi!" Raliya ta ce ta bar shi, ya bar tocilarsa a kan motar. Ba a yi minti biyar ba ya dawo. Suka ja har la'asar, ta tashi ta yi salla ta bar shi zaune, ta dawo suka ci gaba. Aka tsaya a goma sha ɗaya, da sharaɗin a banki za a biya, kuma makulli ba zai bar hannunta ba sai ta ga takardar banki da idonta.

Da aka gama, Mannir ya matso yana sosa ƙeya.

"Tanti, la'adata fa? Ni na kawo shi."

"Wa ka yi wa dillanci, ni ko shi?"

Mannir ya waiga wajen Nasaran.

"To bi shi, ga shi can zai shiga taksi."

Baba Iliya ta kai wa nasa har gareji, ya ƙi karɓa, ya ce shi don Audu ya yi. Sai ta biya masa aikin ido a asibiti ba tare da ta yi shawara da shi ba, ya yi ta faɗa, ya kuma je.

Ranar da babbar mota ta zo ɗaukar Kwaɗo zuwa tashar jirgin ruwa ta Lome, direban ya tarar da Hajiya Raliya tsaye da jakarta da butarta. Ta ce Lome za ta saro kaya, kuma ba ta ga dalilin biyan kuɗin bas ba alhali ga mota za ta can. Direban ya dubi Mushe Lamber. Mushe Lamber ya ɗaga kafaɗa, ya buɗe mata ƙofar gaban babbar motar.